Taruwar Sinadarin Ƙarfe a Jiki: Yadda Na'urar MRI Ke Auna Shi

Wannan darasi ya shafi mata masu ciwon sikila da iyalan da ake yawan yi wa 'ya'yansu ƙarin jini.

Daga ina ƙarfen yake zuwa?

Kowace ledar jini tana ɗauke da sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 200 zuwa 250, alhali jiki ba ya fitar da fiye da miligiram 1 zuwa 2 a rana. Saura sai ya taru a hanta, daga baya ya kai ga zuciya da sauran sassan jiki. Yakan yi shekaru yana ɓarna ba tare da wata alama ba. Shi ya sa likita ke fara bincike idan ƙarin jini ya kai leda 10 zuwa 20.

Me ya sa gwajin jini bai isa ba?

Gwajin feritin yana da amfani, amma zazzaɓi ko tashin ciwon sikila na iya ɗaga shi ko da ƙarfen bai yi yawa ba. A da sai an soka allura an ciro ɗan tsokar hanta. Tun shekarar 2001 likitoci a Landan suka nuna cewa MRI na iya auna ƙarfen zuciya ba tare da yanka ba.

Yaya ake yin hoton?

Na'urar tana aiki da maganaɗisu, ba ta da hasken eksire. Za ki cire sarƙa, 'yan kunne da duk wani ƙarfe, ki kwanta, ki riƙa riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi. Akwai ƙara, amma babu zafi. Idan an taɓa dasa miki wata na'ura a jiki, ki faɗa tun kafin a fara.

A zuciya, awon da ake kira T2* idan ya haura 20 lafiya lau ne; ƙasa da 10 kuwa haɗari ne babba.

Shawara ga mai juna biyu

Lokacin da ya fi dacewa da hoton shi ne kafin ɗaukar ciki, domin magungunan rage ƙarfe irin su deferasirox akan dakatar da su da zarar ciki ya shiga. Idan kina da sikila, kada ki sha ƙwayar ƙarin jini mai ƙarfe sai gwaji ya nuna kina buƙata, amma ki ci gaba da shan folik asid. Sauran masu ciki kuwa su ci gaba da shan ƙwayoyinsu kamar yadda aka umarce su a wajen awo.

Maigida, a taimaka a riƙa rubuta ranar kowane ƙarin jini da yawan leda, a zo da takardar duk ranar ganin likita. Allah Ya sauke ku lafiya.