In za ka shan iska Tafkin Alau

Maiduguri ba ta da teku, amma mai marmarin bakin ruwa yana da Tafkin Alau, a kan kogin Ngadda, wajen Konduga. Ba wurin ƙawa ba ne: kwale-kwalen katako, masunta na ɗinkin koma, lambunan tumatir da albasa a gefe.

Kafin ka tashi, tambayi 'yan gari halin tsaro na wannan makon, ba na bara ba. Tafi da wanda ya san hanya, da hantsi, ka juyo kafin la'asar. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, ya fi daɗi. Da damina kuwa haƙura. Madatsar tafkin nan ce ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya ci rabin gari, har gidan zu bai tsira ba.

In za ka hau kwale-kwale, duba ƙasansa. Ka ga yaro na ta kwarfe ruwa da ƙwarya, to jira wani. Kada ka bar yara su yi wanka, saboda tsargiya.

Kifi fa? Sayi ɗanyen karfasa hannun masunta, ka yi tayi sosai. Banda kuma sai kasuwar kifi ta Tashar Baga.