Me Ɗan Ta'adda Yake Nema?

Ran nan bayan sallar isha'i gardama ta kaure a ɗakin kwananmu. Wani abokina ɗan Zurmi ya ce shi bai ga amfanin tambayar abin da ɗan ta'adda yake nema ba, a tura soja kawai. Ban ga laifinsa ba, domin damina biyu ke nan mahaifinsa bai taka gonarsa ta wajen dajin Dumburum ba. Amma a nawa ɗan ƙaramin tunani, tambayar tana da amfani ƙwarai.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu duba misali biyu. A watan Afrilu na 2014 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok da ke Jihar Borno. Su aƙida ce ta kai su, wai karatun boko haramun ne, don haka suka riƙe yaran shekara da shekaru, har suka aurar da waɗansu. A nan Zamfara kuwa, 'yan mata 279 da aka kwashe a Jangebe ran 26 ga Fabrairu 2021 sun dawo cikin kwana huɗu. 'Yan bindigarmu ba wa'azi suke yi ba. Abin da suke so shi ne kuɗin fansa da shanu, da ramuwar gayya a kan 'yan sa-kai, kamar yadda Bello Turji na yankin Shinkafi ya sha faɗa da bakinsa. Wannan ba uzuri ba ne, kisa kisa ne.

To, mai aƙida sai malamai sun warware masa ita da hujja, kamar yadda marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta ƙalubalantar Muhammad Yusuf. Mai neman kuɗi kuwa, ko ka karanta masa littafi ɗari a banza, sai an toshe masu kai masa fetur da bindiga da labari. Sulhun da Gwamna Matawalle ya yi a 2019 bai ɗore ba, domin kowace daba da ubangidanta da buƙatarta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Lakurawa, waɗanda labarinsu ya bazu a 2024 a Tangaza da Gudu ta Jihar Sakkwato. Su suna kwashe shanu ne da sunan zakka. Da na faɗi haka abokina ya yi shiru, can ya ce, "To, su kuma wa za a tura musu, malami ko soja?" Kafin in ba shi amsa aka kaɗa ƙararrawar kashe fitila.