Bahaushiya da Haihuwa: Tsakanin Sauka da Kai da Fiɗa

Gabatarwa

Darasin da ya gabata ya tsaya ne a kan al'adun goyon ciki. Wannan kuwa zai dubi yadda mai juna biyu a ƙasar Hausa take kallon hanyoyi biyu na rabuwa da ciki, wato ta haihu da kanta, ko likita ya tsaga mara ya ciro jariri, abin da ake kira fiɗa ko tiyata.

Abin da Harshe Yake Nunawa

Tunanin al'umma yakan fito fili a kalmominta. Ana yi wa mai tsohon ciki addu'a da cewa "Allah ya raba lafiya" ko "Allah ya sauke ki lafiya". In ta haihu sai a ce "ta sauka", ita ce mai aikatawa a jimlar. Wadda aka yi wa fiɗa kuwa cewa ake "an yi mata aiki", wasu ma har su ce "an yanka ta". A nan ta koma karɓau, wato wadda aiki ya faɗa wa. Shi ya sa 'yan barka kan tambaya, "Da kanta ta haihu?" kafin ma su tambayi abin da aka samu.

Dalilan Fifita Haihuwa da Kai

Babban dalili shi ne kunya da dauriya. Ana tarbiyyar yarinya a kan kada ta yi raki, musamman a haihuwar fari, lokacin da take goyon ciki a gidan iyayenta. Sau da yawa takan ɓoye naƙuda har sai abu ya ci ƙarfinta, ta durƙusa a ɗaki ita kaɗai, ungozoma ta zo daga baya don yanke cibi da binne mabiyiya. Wadda ta yi haka ta fita kunya. Wadda aka yi wa aiki kuwa tana fargabar gorin kishiya da na dangin miji, a ce raguwa ce.

Akwai kuma batun yawan 'ya'ya. Mata da dama sun ɗauka cewa wadda aka taɓa yi wa fiɗa ba za ta sake haihuwa da kanta ba, kuma an ƙayyade mata haihuwa ke nan. Maganar ba haka take ɗungurungum ba. Mace na iya sauka da kanta bayan fiɗa ɗaya, muddin dalilin farko bai maimaitu ba, amma dole a asibiti, domin tabon mahaifa na iya yagewa a lokacin naƙuda. Sai tsadar aiki, da nisan asibiti, da jiran iznin maigida wanda wataƙila yana ci-rani.

Tsoron mutuwa ma yana da tushe. Da yake ba a kai mace asibiti sai ta galabaita, bayan an gwada rubutu da maganin zaƙi, wani lokaci har da yankan gishiri, fiɗar da ake yi mata ta gaggawa ce a jikin da ya riga ya raunana. In ta rasu sai a ɗora wa wuƙar likita laifi, a manta da kwana biyun da ta yi tana naƙuda a gida. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya daga 1976 zuwa 1979, a kan haihuwa 22,774, ya nuna cewa mace-mace sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su je awon ciki ba, aka kawo su a kurarren lokaci.

Inda Fiɗa Take Zama Dole

Haihuwa da kai ita ce asali, kuma ta fi saurin warkewa idan komai na tafiya daidai. Sai dai akwai halin da dauriya ba ta magani: ƙugu ya yi wa kan jariri kaɗan, kamar yadda ake gani ga yarinyar da ba ta gama girma ba, ko jariri ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ko jijjiga ta kama mai ciki. Idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, jini yakan daina kai wa wurin, naman ya mutu ya huje. Wannan shi ne asalin yawancin yoyon fitsari da ake jinya a Babbar Ruga ta Katsina da cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala a Kano. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

A 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa babu dalilin da zai sa fiɗa ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na haihuwa. Wasu ƙasashe, irin su Brazil da Masar, sun zarce kashi 50. Nijeriya kuwa, a binciken lafiya na ƙasa na 2018, kusan kashi 3 ne kacal, kuma na Arewa maso Yamma bai ma kai haka ba. Wato matsalar ƙasar Hausa ta rashin samun fiɗa ce ga masu buƙatarta. Jamhuriyar Nijar ta ayyana fiɗar haihuwa kyauta a 2005, Gwamnatin Tarayyar Nijeriya kuma ta sanar da irin wannan ga mata marasa ƙarfi a Nuwamban 2024. Ɗauke kuɗin aiki bai ɗauke gori ba.

Auna Fahimta

1. Tattaro kalmomi da gaishe-gaishe goma da ake amfani da su a garinku game da naƙuda da jego, ka fito da tunanin da kowanne ya ƙunsa.
2. Bayyana bambancin aikin ungozomar gargajiya da na ta asibiti a lokacin doguwar naƙuda.