Amsar Tambaya: Dole sai da hasumiya?

Wani mai karatu ya samu lasisin rediyon 'yan sha'awa, amma kuɗin hasumiyar ƙarfe ya gagare shi.

Malam, kada hasumiya ta hana ka barci. A zangon mita 20, wato megahaz 14, wayar tagulla mai tsawon mita 10 ta isa eriya. Ka raba ta biyu, kebur ya shiga ta tsakiya, ka ɗaga ta sama a kan sanda kamar mita 10. Idan yanayi ya yi kyau, har Turai muryarka za ta kai.

Abin da ya fi damuna wayar lantarki ce. Ka nisance ta sosai, yadda ko sandarka ta faɗi ba za ta taɓa ta ba. Da damina kuma, hadari na haɗowa ka cire kebur daga na'urar saboda tsawa.