Share Rumbu Kafin Sabon Hatsi

Karatu: Fitowa 16:13-21, Luka 12:13-21

Manomi mai hikima ba ya zuba sabon hatsi a kan tsoho. Yakan share rumbu tukuna, kada ƙwarin bara su cinye amfanin bana. Ƙaunatattu, gidajenmu ma suna bukatar irin wannan shara.

A jeji Allah ya ba Isra'ilawa manna daidai abincin yini guda. Waɗanda suka ɓoye ragowa sun wayi gari ta yi tsutsa. Haka tarin kaya yake: zannuwa suna ruɓewa a akwati, alhali gwauruwar da ke maƙwabtaka tana wanke ɗaya tak da dare domin ta ɗaura da safe.

A kullum: Uwargida ta auna abin da za a ci, kada tuwo ya ƙare a juji. Maigida ya rubuta bukatun gida kafin a tafi kasuwa. Kada a ci bashi saboda ankon biki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sau biyu a shekara: Kafin saukar damina, da kuma lokacin godiyar kaka kafin sayayyar Kirsimeti, iyali su fitar da kayansu tsakar gida. Duk abin da ya shekara ba a taɓa ba, a wanke shi, a miƙa wa mabukata. Yara su zaɓi nasu da kansu, gama da haka ne za su koyi wadar zuci.

Tambaya domin sujadar iyali: Mene ne muke ajiyewa saboda tsoron gobe kawai?