Hattara da Wutar da Ke Ci a Ƙarƙashin Fata

Ya ku iyaye da 'yan'uwa na Kasuwar Libiya da unguwannin Umbadda a Umdurman. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara duniya kan keɓe ta don faɗakarwa a kan soriyasis, cutar da likitocin nan ke kira sadafiyya. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin manyan cututtukan da ba sa yaɗuwa. Amma har gobe wasunmu suna ɗaukarta ƙirci ne, a shafa mai a wuce.

Alamarta ba ɓoyayya ba ce. Fata ta yi kauri a gwiwa, ko gwiwar hannu, ko tsakar ka, ko ƙugu, ta riƙa zubar da ɓawo fari kamar garin toka a kan tabarma. A baƙar fata wurin yakan yi duhu ne, ba ja ba. Lafiyayyar fata kan sabunta kanta cikin kusan wata guda, amma ta mai sadafiyya cikin kwana uku zuwa huɗu, saboda garkuwar jikinsa ta juyo da yaƙi gida. Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka ta musafaha ko cin abinci a kwano ɗaya. Wanda ya ƙyamaci ɗan'uwansa a sahun salla saboda ita ya ji tsoron Allah.

To, ga babban haɗarin. Wanda ya taɓa ganin wutar ƙaiƙayi a masussuka ya san halinta. Ba ta harshe, ba ta hayaƙin kirki. Ka yayyafa ruwa a sama, toka ta kwanta lumui, ka tafi gida ka yi barcinka, ita kuwa tana can ƙasa tana ci a hankali, yau taki ɗaya, gobe biyu, sai ran da iska ta taso ka tarar ta kai gindin rumbu. Haka kumburin wannan cuta yake. Man shafawa ya kwantar da fata, amma kumburin yana yawo cikin jini, yana taɓa jijiyoyin zuciya da hanta da gaɓoɓi. Likitoci sun gano cewa ko masu karɓar allurai na zamani, waɗanda fatarsu ta yi sumul, wasunsu kumburin bai bar jikinsu ba, musamman masu ƙiba da masu kitse a hanta. Shi ya sa ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya suka fi yawa ga masu sadafiyya mai tsanani. Kusan mutum uku cikin goma kuma tana sauka musu a gaɓoɓi: a tashi da asuba yatsu sun ƙage, ko yatsa guda ya kumbura tun daga tushe, ko diddige ya hana taka ƙasa. Mu kuwa sai mu ce sanyi ne. Gaɓar da ta lalace ba ta komawa yadda take.

Mun san yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe asibitoci da yawa a Hartum da Umdurman, ya raba marasa lafiya da likitocinsu. Wannan uzuri ne. Amma ba uzuri ba ne mutum ya tsaya gaban tebur a kasuwa a kwaɓa masa mai kala uku a 'yar roba ba suna ba takarda, ko ya sayi ƙwayar deksametazon, wadda mata ke sha don ƙiba, wai ta kashe masa ƙaiƙayi. Ai za ta kashe na mako biyu. Sannan ta ɗaga suga, ta ɗaga jini, ranar da aka daina kuma cutar ta dawo da ƙarfinta, wani lokaci fatar jiki duka ta yi ja ta cika da ƙurajen mugunya, har sai an kwantar da mutum. Kai mai sayarwa, ribar nan fa akwai hisabi a kanta.

Sauran a taƙaice. Maganin metotireksat da likita kan rubuta wa mai sadafiyya sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta kusantarsa. A bar taba da shisha. A rage suga a shayi, a rage tumbi, a riƙa takawa da ƙafa.

Malamanmu sun koya mana jiki amana ne, neman magani kuma ba ya rage tawakkali. Saboda haka, ko da fatarka ta yi kyau, koma wurin likita a auna maka jini da suga da kitsen jini da hanta, aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ka gaya masa in gaɓa tana maka ciwo. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.