Kafin ku kai adakar kaka wurin maƙeri

'Ya'yana, duk wanda gadon adaka ya faɗo wa a cikinku, ya ɗan dakata ya saurare ni. Na san abin da ke ranku: a kankare ta, a shafa mata fenti, a sauya itacen gindinta, ta fito tana ƙyalli kamar ta kanti. Ban ga laifinku ba, ƙuruciya ke nan.

Amma ku ɗauke ta ku duba da kyau. Wurin nan da itacen ya yi baƙi ya yi santsi, tafin hannun kakanku ne ya cinye shi, shekara da shekaru yana bin sawun gada a daji. Jar fatar da aka naɗe tsagin itacen da ita aikin baduku ne, ɗinkin ma da hannu aka yi shi. Layar da ke rataye kuwa, ko ba ku yarda da ita ba, ku bar ta inda mai ita ya ɗaura. Takardar goge katako za ta share duk wannan kafin la'asar, kuma ba mai iya mayar da shi.

Gyara yana da wurinsa. Tsatsa ku bi ta a hankali da tsumma da mai. Idan gara ta shiga itacen, a yi maganinta. Ƙusar da ta ɓace a ƙera wata irinta. Ƙarfe sana'armu ce tun da daɗewa. A zamanin Sarki Tanimu, Damagaram har igwa ta ƙera.

Abin da nake ji muku tsoro shi ne masu cewa a mayar da ita mai cin harsashin zamani. Wannan bututun don baƙin albarushi aka yi shi, wanda ake ɗurawa ta baki. Hodar zamani ta fi ƙarfinsa, tana iya tarwatsa shi a hannun mai harbi. Mai son farauta ya nemi sabuwa ta halas, da lasisinta, kamar yadda Dokar Makamai ta 1959 ta tanada a Najeriya, ita ma tsohuwar a tambayi hukuma matsayinta.

Kuma kada wanda ya ɗauka cikinta fanko ne. A da, maharba sukan jingine bindiga a ɗure, albarushi kuwa yakan daɗe bai mutu ba. A kira wanda ya san aikin ya bincika ta, sannan a adana ta inda hannun yara ba ya kaiwa. Allah ya yi muku albarka.